Abin da ciwon suga ke yi wa ƙananan jijiyoyin zuciya

Gwaggona ta shekara goma sha biyu tana fama da ciwon suga. A cikin Birnin Zariya take zaune, kuma mace ce da ba ta san zama ba, duk inda aka yi suna ko rasuwa da ƙafa take zuwa. Bara ne aka lura ta fara tsayawa a hanya. Tafiyar da a da take yi tana hira, yanzu sai ta nemi dakali ta zauna tana haki.

"Ɗan nan, ba ciwo ba ne," in ji ta. "Ji nake kamar an ɗora mini dutsen niƙa a ƙirji. In na zauna kuma sai ya sauka."

Maƙwabta suka ce olsa ce, ta kwashe wata biyu tana shan maganin olsa. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa muka kai ta asibitin koyarwa na Shika. Aka yi mata ECG, gwajin yadda zuciya ke bugawa, aka yi hoton zuciya na eko. Likita ya ce zuciyar tana matsa jini da ƙarfinta, sai dai ba ta sakewa sosai bayan kowace matsa, kuma abin da ya fi zargi shi ne ƙananan jijiyoyin da ke shayar da ita. A hanyar dawowa, muna cikin cunkoson Kwangila, ta juyo ta ce, "To in ƙarfinta na nan, mene ne ke danne ni?"

Kafin a amsa wannan tambaya sai an san yadda ita zuciyar ke samun abincinta. Takan buga kusan sau 100,000 a kwana ɗaya. Jinin da ke cika ɗakunanta wucewa kawai yake yi, kamar ɗan garuwa da ke tura kurar ruwa amma ba daga jarkokin yake sha ba. Tana da nata jijiyoyin, guda biyu da ke fitowa daga gindin babbar jijiyar jiki, su kwanta a kanta su yi rassa, rassan su nutse cikin tsoka. Abin da ke bi ta cikinsu in mutum yana zaune kusan mililita 250 ne a minti ɗaya, wato rabin ledar fiya wata.

Inda ta bambanta da sauran gaɓoɓi shi ne wajen tsotsar iskar oksijin. Jiki a dunƙule yakan ɗauki kusan kashi ɗaya cikin huɗu na oksijin da jini ya kawo masa, sauran ya koma ya zama ajiyar ranar buƙata. Ita zuciya ko barci mutum yake yi takan kwashe kusan kashi uku cikin huɗu. Saboda haka in aiki ya ƙaru ba ta da wani abin kirki da za ta ƙara tatsa daga jinin da ke zuwa, dole a ƙaro jinin kansa. A lafiyayyen mutum jinin yakan ninka sau huɗu ko biyar in ya hau tudu ko ya yi sauri. Ga wata takura kuma: duk lokacin da zuciya ta matsa tana matse jijiyoyin da ke cikin tsokarta, don haka a ɗan tsakanin bugu da bugu take samun sha. Bugu ya yi sauri, lokacin sha ya ragu.

Wanda ya taɓa leƙa masu noman rani a fadamar Galma zai gane sauran zancen cikin sauƙi. Inji yana jawo ruwa ya zuba a babbar hanya, manomi kuma yana bi da fartanya yana buɗe ƙananan bakuna zuwa kowane fangali. In bakunan sun ƙi buɗuwa, tumatir zai yi yaushi ko da babbar hanyar cike take maƙil. Manyan jijiyoyin zuciya, masu kaurin milimita 3 zuwa 4, kamar bututun tawadar biro, su ne babbar hanya, kuma su ake gani in an zuba rini a jijiya an ɗauki hoton anjiyogiram. Bakunan su ne ƙananan rassa, wasu kaurin gashin kai, wasu ba su ma kai ba, waɗanda wannan hoton ba ya nunawa. A 2010 an duba bayanan kusan mutum 400,000 a Amurka da aka yi wa anjiyogiram saboda zargin ciwon zuciya, aka tarar kusan kashi 38 cikin 100 ne kawai ke da toshewa ta a zo a gani. Ba dukkan sauran ne ke da matsalar ƙananan jijiyoyi ba, amma da yawansu a nan abin yake, musamman mata da masu suga.

To wane ne mai fartanyar? Kowace jijiyar jini tana da shafe a cikinta, shimfiɗa ɗaya tak ta ƙwayoyin halitta, wadda masana ke kira endotiliyom. An daɗe ana ɗaukarta kamar daɓe ne kawai don jini ya zame. A 1980 wani masani a birnin Niyok, Robert Furchgott, shi da mataimakinsa John Zawadzki, suka lura da wani abu a jijiyar zomo. In shafen yana nan lafiya aka ɗiga wani sinadari, jijiyar sai ta saki. In an goge shafen, ko da bisa kuskure ne wajen riƙewa, sai ta ƙi saki. Ashe shafen ne ke aika wa tsokar jijiya saƙon ta buɗe. Zuwa 1987 aka tabbatar saƙon wata iska ce, naitirik oksaid, wadda kafin lokacin an fi saninta a cikin hayaƙin mota. A 1998 Furchgott da Louis Ignarro da Ferid Murad suka karɓi kyautar Nobel a kan wannan aiki. Abin dariya, shi Alfred Nobel mai kyautar ya yi dukiyarsa ne da naitirogilisarin na nakiya, kuma da ciwon ƙirji ya kama shi a ƙarshen rayuwarsa shi likitoci suka rubuta masa. Ƙwayar da ake sa wa mai ciwon ƙirji a ƙarƙashin harshe har yau ita ce, kuma aikinta sakin wannan iska ne a jiki.

Iskar ba ta wuce 'yan daƙiƙoƙi a raye. Jini yana ƙara gudu yana gogar shafen, shafen yana ƙara fitar da ita, tsokar jijiya tana saki. Ita ce kuma ke hana ƙwayoyin daskarar da jini da fararen ƙwayoyin jini mannewa a bango. Wannan ɗan gajeren rai nata shi ne lagonta, kuma ta nan suga ke shigowa.

Mun san abin da iska ke yi wa kwanon rufi bayan 'yan damuna, mun kuma san yadda farin goro ke sauya launi in an fasa shi an ajiye. Oksijin ne ke wannan aiki, kuma a cikin jiki ma yana yi. A kowace ƙwayar halitta akwai ƙananan murahu da ake kira mitokondiriya, inda ake ƙona abinci da oksijin a samu ƙarfi. Babu murhun da ba ya tartsatsi. Tartsatsin nan wani guntun oksijin ne mai ɓarna, sufa'oksaid, wanda duk abin da ya taɓa sai ya ci shi. Jiki yana da masu kashe shi, babbansu wani enzayim, wato sinadari mai hanzarta aiki a jiki, da Joe McCord da Irwin Fridovich suka gano aikinsa a 1969, sai kuma wani sinadari da ake kira gulutatayon. Muddin masu kashewa sun fi ƙarfin tartsatsi, lafiya lau. In tartsatsi ya rinjaye su, shi ne halin da masanin Jamus Helmut Sies ya raɗa wa suna a 1985, oksidetif sitires. Ni dai tsatsar cikin jijiya nake ce masa, don ya fi zama a baki.

Tsokar hannu da ta ƙafa suna da ƙofa, sai insulin ya buɗe suga ke shiga sosai. Shafen jijiya ba shi da wannan gata. Suga ya yi yawa a jini, ya yi yawa a cikinsa. Michael Brownlee, wani likita a Niyok, ya gina bayaninsa na 2001 a kan wannan: ƙwayoyin da ciwon suga ya fi lalatawa su ne waɗanda ba sa iya rufe wa suga ƙofa, na ido, na ƙoda, na jijiyoyin ji, da shafen jijiyoyin jini. An cika murhu da gawayi alhali tukunyar ba ta buƙata, sai tartsatsi ya yawaita. Masana suna ta muhawara kan ko mitokondiriya ce ke fara wutar ko wani enzayim na bangon jijiya da aikinsa dama ƙera tartsatsi ne, wanda hawan jini da kitse ke zugawa. Ga mai ciwon, ko wanne ya fara, duka biyun suna ci.

Daga nan ne abin ya zama mai ban tausayi. Tartsatsin yana son naitirik oksaid fiye da komai, yana cafke ta da saurin da ya ninka na mai kashe shi kusan sau uku. Saƙon buɗewa yana fitowa, ana tare shi a hanya. Haɗuwarsu kuma ba ta tashi a banza, takan haifi wani sinadari da ya fi su dafi, feroksinaitirait. Shi kuma sai ya je ya lalata wani ɗan mataimaki da ake kira BH4, wanda enzayim mai ƙera naitirik oksaid ba ya aiki daidai sai da shi. In babu BH4, enzayim ɗin ba ya tsayawa, yana ci gaba da aiki, amma abin da yake fitarwa ya koma tartsatsi. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. Daga wannan mataki wutar tana ciyar da kanta, kuma ina ganin duk wanda ya fahimci wannan zagaye ya fahimci rabin ciwon.

Sauran hanyoyin duk cikin wannan kogi suke zuba. Rarar suga tana bin wata ɓarauniyar hanya ta koma wani sinadari, sobitol, kuma a wajen juyawar ana cinye sinadarin da ake sabunta gulutatayon da shi, kamar a tura motar kashe gobara ba ruwa. Suga kuma yana manne wa furotin da kansa. Abin da ke sa ɓawon burodi da bayan ƙosai su yi ja su yi tauri, irinsa ne ke faruwa a jiki a hankali cikin shekaru, bangon jijiya ya yi ƙanzo ya rasa taushinsa. Gwajin HbA1c da ake yi wa masu suga wannan mannewar yake aunawa a jan jini, shi ya sa yake ba da labarin wata biyu zuwa uku da suka wuce, komai kamun kan da mutum ya yi daren zuwa asibiti. Sai kuma shi insulin. A lafiyayyar jijiya yana sa a fitar da naitirik oksaid, yana kuma sa a fitar da endotelin, wani sinadari mai tsuke jijiya da aka gano a Japan a 1988. In jiki ya daina jin insulin, kamar yadda yake a nau'i na biyu na ciwon suga, ɓangaren buɗewa ne ke kurumcewa, na tsukewa yana nan daram.

Abin da Gwaggo ke ji ke nan. In tana zaune, rabin ledar ruwan nan ya ishe ta. In ta miƙe, zuciya ta nemi ninki huɗu, bakunan suka ba da ninki biyu ko ƙasa da haka. Da tafiya ta yi tafiya bangon ƙananan jijiyoyin yakan yi kauri, wasu su ɓace gaba ɗaya. Tsokar zuciya ma tana buƙatar wannan iska don ta saki bayan matsa, in ta rasa sai ta ƙage, ta ƙi cika da jini yadda ya kamata, mutum ya riƙa haki ƙafa ta kumbura alhali eko yana nuna matsa tana da ƙarfi. A manyan jijiyoyi kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kitsen kolestirol yana kutsawa ƙarƙashin shafen da ya raunana, tartsatsi ya ɓata shi, fararen ƙwayoyin jini su biyo shi, tudu ya taso, wata rana ya fashe jini ya daskare a kansa. Binciken garin Framingham na Amurka ya nuna tun 1979 cewa ciwon suga yana ninka haɗarin cututtukan zuciya da jijiyoyi sau biyu ga maza, sau uku ga mata. Kuma da yake suga yana kashe jijiyoyin ji, mai ciwon zai iya samun bugun zuciya, wato toshewar jijiyar zuciya farat ɗaya, ba tare da zafin ƙirji ba, sai haki, ko zufa, ko tashin zuciya, abubuwan da a nan Zariya nan da nan za a ce olsa ce ko shawara.

Yanzu hankali zai ce, tunda tsatsa ce, a sha abin da ke kashe tsatsa mana. 'Yar Gwaggo ma haka ta yi tunani, ta sayo mata wata kwalbar ƙwayoyi mai tsada da aka ce tana wanke jini. Masana ma sun yi wannan tunani, kuma sun gwada da gaske. A binciken HOPE da aka jagoranta daga Kanada, aka fitar a 2000, an ba mutum sama da 9,500 bitamin E ko ƙwayar bogi na tsawon shekara huɗu da rabi, fiye da kashi ɗaya cikin uku nasu masu suga ne. Bitamin ɗin bai rage komai ba, kuma da aka ci gaba da bibiyarsu sai aka ga gazawar zuciya ta ɗan fi yawa a wurin masu shansa. A Ingila aka ba mutum 20,536 bitamin E da C da beta-karotin na shekara biyar, aka fitar da sakamako a 2002, nan ma shiru. Abin lura shi ne a cikin waɗannan mutanen dai aka gwada wasu magunguna biyu, ramifiril na hawan jini a na Kanada da simbastatin na kolestirol a na Ingila, kuma kowannensu ya rage manyan matsalolin zuciya da jijiyoyi, irin su bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, in an haɗa su, da kusan kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tartsatsin yana haɗuwa da naitirik oksaid a cikin ƙwayar halitta cikin ƙiftawar ido, bitamin da ke yawo a jini ihu bayan hari yake yi. Kuma ba kowane tartsatsi ne abokin gaba ba, jiki yana amfani da kaɗan daga cikinsa wajen aika saƙo da kashe ƙwayoyin cuta, har ma wajen buɗe ƙananan jijiyoyin zuciyar. Su magungunan da suka yi aiki rage zuga wutar suka yi daga tushe. Saboda haka in na ji mai lasifika a Sabon Gari yana rantsuwa cewa garinsa yana wanke suga daga jijiya cikin mako biyu, raina yakan ɓaci, don na san da kuɗin metfomin, maganin suga na asibiti, na wata guda za a saya. Zogale da rama da kuɓewa abinci ne masu kyau, a ci su a kwano, sun fi farar shinkafa alheri ga mai suga nesa ba kusa ba. A ajiye maganin asibiti saboda su kuwa, wannan ganganci ne.

Rage suga yana aiki, amma lokaci yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. A binciken DCCT na Amurka da Kanada an raba masu nau'i na ɗaya na ciwon suga su 1,441 gida biyu, aka tsananta wa rabi kula da suga na kusan shekara shida da rabi. Bayan an gama a 1993 sugan gidajen biyu ya dawo kusan ɗaya, amma a 2005 aka tarar waɗanda aka kula da su da wuri suna da ƙarancin matsalolin zuciya da jijiyoyi da kashi 42 cikin 100. Jijiya tana riƙe tarihin shekarun farko, mai kyau ko maras kyau. Wannan ya sa alƙaluman Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya na 2021 ke tayar mini da hankali, inda suka nuna fiye da rabin masu ciwon a Afirka ba su san suna da shi ba. Sau da yawa sai gyambon ƙafa ko dushewar ido ke kai mutum gwaji, alhali shafen jijiyarsa ya shekara da shekaru yana cin wuta. A gefe guda kuma, a 2008 aka dakatar da wani ɓangare na binciken ACCORD saboda mutuwa ta fi yawa a wurin waɗanda suka daɗe da ciwon aka kuma danne musu suga da ƙarfin tsiya. Tsoho irin Gwaggo ba a yi masa gaggawa.

Binciken da ya fi burge ni ƙarami ne, na masu suga 160 a Denmak, mai suna Steno-2. An haɗa wa rabinsu komai a lokaci guda, suga, hawan jini, kolestirol, barin taba, abinci da motsa jiki. Matsalolin zuciya da jijiyoyi suka ragu da kusan rabi, kuma bayan shekara 21 aka ga sun fi takwarorinsu tsawon rai da kusan shekara 8. Akwai sababbin magunguna irin su emfagilifulozin, wanda a 2015 aka nuna ya rage mutuwa ta dalilin zuciya da kashi 38 cikin 100 a masu suga da ke da ciwon zuciya, sai dai kuɗinsa ya fi ƙarfin yawancin aljihunmu. Tafiya kuwa ba ta da farashi, kuma ita ce ke sa jini ya goga shafen ya koya masa ƙera iskarsa. Minti 150 a mako Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce. Taba da shisha tartsatsi suke zubawa kai tsaye. Hauhawar suga kwatsam bayan cin abinci ma tana ƙona shafen, irin wadda ke biyo bayan shayi mai kauri da burodi, ko buɗa-baki da kunu da zoɓo da lemon kwalba a zama ɗaya. Zuma da mazarƙwaila kuma, duk da sunan da suka yi, suga ne.

Likitan Gwaggo ya bar mata metfomin ɗinta, ya ƙara lisinofiril na hawan jini da ƙwayar kolestirol, ya ce ta riƙa takawa a hankali bayan la'asar, ta tsaya da zarar nauyin ya zo. Ya kuma ja mana kunne cewa ranar da nauyin ya ƙi sauka bayan ta zauna 'yan mintoci, ko ya zo da zufa, kada a tsaya neman maganin olsa a kemis, a nemi mota. Da na je gaishe ta makon jiya na tarar da kwalbar nan mai tsada a kan taga, rabi.

"Gwaggo, har yanzu kuna shan wannan?"

"Na bari," in ji ta. "Amma ba zan zubar ba, yarinyar nan kuɗi ta kashe."

Dutsen niƙan yana zuwa har yanzu in ta yi sauri. Ta ce yanzu tana kaiwa gidan ƙanwarta da zama ɗaya a hanya, a da kuwa sai ta yi uku.